Tukuicin Ƙwan Zabi a Gaban Alƙali

Kusan kowane wata sai wani saurayi ko wata budurwa sun tsaya a gaban teburina a kasuwar Batsari, su yi mini doguwar gaisuwa wadda na san akwai magana a bayanta, sannan su ce, "Inna Larai, so nake ki koya mini POS." In na tambayi abin da suka sani a kanta, amsar ɗaya ce: a sa kati, a danna lamba, a ƙirga kuɗi, a cire lada. Wata har cewa ta yi, "Ai sana'ar zaune ce, Inna, a inuwa." Na ce ta dawo ranar kasuwa da azahar ta nuna mini inuwar. Ba ta dawo ba. To na gaji da maimaita wa mutum ɗai-ɗai, shi ya sa na zauna na rubuta wannan da hannuna. Wanda bai iya kai ƙarshensa ba, ya haƙura da sana'ar ma.

Da hannuna na ce, kuma ina nufin haka. Har na kai shekara talatin da takwas ban san harafin boko ko ɗaya ba. Ƙuli-ƙuli da man gyaɗa nake yi. Abin da ya kai ni ajin manya ba wani dogon buri ba ne. Saƙo ne ya shigo wayata daga ƙanena, na kai wa wani mai shago ya karanta mini, kafin in iso gida rabin unguwa sun san abin da ke ciki. A makon nan na sayi fensir. Shekara uku ina zama a kan bencin yaran firamare da la'asar, gwiwata tana dukan tebur. Matan unguwa suka sa mini Malama don tsiya. Yau su ne suke kawo mini wayoyinsu in karanta musu, kuma har yanzu Malamar suke cewa, sai dai muryar ta canja.

Wanda ya koya mini aikin Malam Bishir ne, mai shagon cajin waya a bakin tasha. Wata guda cur bai bari na taɓa na'urar ba. Ya zaunar da ni a gefe, duk rasit ɗin da ya fito ya miƙo mini ya ce, "Kuɗi sun fita ko ba su fita ba?" Kalmomin Turanci ne guda biyu, ɗaya ta ce an biya, ɗaya ta ce an ƙi, akwai kuma ta uku mai mugun hali wadda ke nufin kuɗin suna rataye a hanya, ba su wajenka ba su wajen mai kati. A kan ta ukun nan ake faɗa. Sannan ya koya mini abin da har yau nake fara koya wa kowa: kada ki taɓa yarda da fuskar wayar mutum. Ko liman ne ya nuna miki ya ce ga shi ya tura, ki duba naki asusun. In ba su shigo ba, ba su shigo ba. Ki ba shi kujera, ki ba shi ruwa, kada ki ba shi kuɗi.

Kayan aikin ba su da yawa, amma kowanne yana da halinsa. Na'urar ba ta son rana, in ta yi zafi sai ta ɗauke, don haka a cikin ƙwarya nake ajiye ta in rufe da faifai. Takardar rasit rubutunta gogewa yake yi, wata biyu sai ki ga farar takarda, saboda haka duk mai muhimmanci ina ɗaukar hotonsa. Waya biyu, layi daban-daban, don in sabis ɗin wannan ya tafi na wancan ya tsaya. Batirin ajiye caji. Lema. Jakar ɗaurawa a ƙugu a ƙarƙashin hijabi, ba a kan tebur ba. Sai littafi da tawadar dangwale, domin yawancin masu karɓar saƙo a wajena ba sa rubutu, ni kuwa na san daɗin dangwale da ciwonsa, na yi shi shekaru.

Ku da kuka taso da waya a hannu kuna zaton masu kati ne kasuwarmu. Ba su ba ne. Kasuwarmu tsofaffin ƙauye ne da ba su da asusu: na Wagini, na Ruma, na Zakka in na je cin kasuwar Safana. 'Ya'yansu suna Legas, suna Fatakwal, suna Abuja, masu acaba da masu gadi da masu tura baro. Ɗa ya tura kuɗi asusuna, ya kira ni ya ce a ba wance, ranar kasuwa wance ta zo ta dangwala ta karɓa. Ku lura da wannan da kyau. A idon mutanen ƙauye ni 'yar aike ce. A idon kamfani da banki, ni aka tura wa kuɗin, sunana ne a kai. In magana ta tashi, ba wance za a nema ba.

Na fara ganin haka a kan wani manomi a Zakka da ya buɗe asusu sabo-sabo. Ya zo teburina a Safana yana murmushi ya ce kuɗi sun shigo masa, bai san mai su ba, a cire masa duka. Na ce, "Baba, waɗannan ba naka ba ne, wani ne ya kuskure lamba." Ya ce, "Ke 'yar nan, ni na roƙi Allah jiya da asuba, yau ga su, ke ce za ki ce mini kuskure?" Na ƙi cirewa. Ya je wajen wani ya cire. Bayan girbi na gan shi yana tafe a ƙasa da buhu a ka, na tambayi jakinsa, ya ce an sayar an biya mai kuɗin. Kuɗin kuskure ba kyauta ba ne, ko ka kashe su suna nan a wuyanka. Wannan mai sauƙin ganewa ne. Mai wuyar yana gaba.

Kafin shi sai na faɗi muguwar shekara, shekarar da aka kashe layin waya a yankinmu saboda ɓarayin daji. Na'urar ta zama dutse a cikin ƙwarya. Abin da na riƙa yi shi ne in tattara sunaye da lambobi a takarda, in shiga mota da sassafe in nufi hanyar Katsina har inda sabis ke kamawa, in tsaya a gindin wata bishiyar bedi tare da mutane kamar ana rabon taki, in yi kiraye-kiraye, in duba abin da ya shigo, in dawo in raba. Ladan yini ba ya biyan kuɗin mota. Da yawa sun mayar da na'urorinsu a lokacin. Ni ban mayar ba, don tsofaffin nan ba su da wata hanya, kuma na san in layi ya dawo za su tuna wanda ya tsaya. Sun tuna.

A cikin waɗanda suka tuna akwai Gwaggo Hure ta Wagini. Tsohuwa ce doguwa, mai kaifin baki, mijinta ya rasu, ba ta da ɗa a raye. Ta raini ɗan ƙanenta, Salisu, tun yana shekara huɗu har ya tafi Legas acaba. A muguwar shekarar ɓarayi suka shiga garinsu suka kore dabbobi, har da tumakinta bakwai, waɗanda su ne abincinta da maganinta da sutturarta. Ta koma tana tsintar ƙwan zabi tana kawowa kasuwa.

Da damina ta gaba, wata ranar kasuwa da hantsi, dubu ɗari da hamsin suka shigo asusuna daga Salisu. Ya saba turowa ta wajena, dubu biyar, dubu goma, amma bai taɓa turo irin wannan ba. Ya kira ya ce, "Inna Larai, ki ba Gwaggo ta sayi tumaki." Na ce to. Iyakar maganar ke nan. Ban tambaye shi komai ba, kuma a nan na yi kuskuren da ya kusa rufe mini sana'a.

Gwaggo ta zo da ƙwaryar ƙwanta a ka. Na ƙirga mata a hannu, ta dangwala. Ta zauna a kan bencina ta ce, "Kira mani shi." Na kira na buɗe murya don kunnenta ya yi nauyi. Ta sa masa albarka har ta gaji. Kun san al'adarmu, in an yi wa mutum alheri ba shi kaɗai ke godiya ba. Matan Wagini da ke kusa suka taso ɗaya bayan ɗaya suna sunkuyawa kan wayar, "Salisu, mun taya Gwaggo godiya, Allah shi yi maka albarka." Iro mahauci, wanda teburinsa ke jikin nawa, ya goge hannu a riga ya zo shi ma ya taya. Da aka gama godiya, wayar tana buɗe, ta ɗebi ƙwan zabi goma ta zuba mini a faifai. Na ce ai na cire ladana. Ta ce, "Lada daban, tukuici daban. Ke kika kawo abin arziki. Karɓi, kada ki ɓata mani rai." Na karɓa. Ranar ta sayi tumaki uku, biyu da ciki, aka ɗora mata su a mota.

Bayan wata huɗu, da kaka, ranar kasuwa kuma, na sa katin wani mai hatsi na'urar ta ƙi. Na sake, ta ƙi. Na duba waya na ga an rufe asusuna gaba ɗaya. Ba a taɓa kuɗin ba, suna nan ina ganinsu, amma ba shiga ba fita. A ciki akwai jarina duka, akwai kuma saƙon mutum huɗu da ba su riga sun karɓa ba, ɗaya na wata mata ce daga Ruma da za ta kai mijinta asibiti. Tana tsaye a gabana da goyo. Ba ruwanta da wani kamfani, ni ɗanta ya tura wa. Na aika gida aka sayar da injin markaɗena a ranar, a wulaƙance, na sallami mutum huɗun nan kafin la'asar.

Washegari na tafi ofishin kamfanin a Katsina. Wata yarinya mai ladabi ta duba ta ce wani Salisu ya kai ƙorafi bankinsa cewa ya tura mini dubu ɗari da hamsin bisa kuskure, ya nemi in mayar na ƙi. Na ce ƙarya ne. Ta ce ita ba alƙali ba ce. Hanya uku ce: in mayar da kuɗin, ko shi ya janye, ko in kawo takardar kotu. Na nuna mata littafina da dangwalen Gwaggo. Ta ce, "Hajiya, wannan ya nuna kin ba wata kuɗi. Bai nuna shi ya ce ki ba ta ba." Na so in yi mata faɗa, amma gaskiya ta faɗa.

Ashe Salisu ya dawo gida. An kama babur ɗinsa a Legas, ya yi ta bi bai samu ba, ya dawo Wagini da jaka ɗaya. Wani abokinsa mai ganin ya san kan waya shi ya ba shi dabarar ƙorafin. Na same shi a zauren gidan ubansa. Ya rame. Ya gaishe ni har ƙasa, yana kallon tabarma.

Na ce, "Salisu, kuskure ka yi?"

Ya ce, "Inna, ni ba da ke nake ba. Ki sa Gwaggo ta sayar da tumakin, yanzu sun zama biyar. A ba ni nawa, ta riƙe sauran, in janye."

"Ka tambaye ta?"

"Na tambaya. Ta ce in zo in kwance su da hannuna in na isa."

"Shi ne ka kwance ni."

Na wuce gidan Gwaggo. Tana tsakar gida tana ba tumakin harawa. Labari ya riga ni isa. Ba ta bari na zauna ba ta ce, "Larai, na ji abin da yaron nan ya yi maki. A kai su kasuwa. Ni na saba da babu. Ba za a rufe maki sana'a saboda ni ba."

Ga hanya mai sauƙi an shimfiɗa mini, kuma mai tumakin ce da kanta ta shimfiɗa. Ku da kuke son sana'ar nan, a nan nake so ku tsaya ku yi tunani. Da na yarda, a mako guda an buɗe asusuna. Amma kafin wata ya ƙare kowane ƙauye daga Ruma har Zakka zai san cewa abin da aka karɓa a teburin Larai ba tabbas ba ne, in mai turowa ya yi fushi ko ya talauce, Larai za ta biyo ka gida ta karɓe. Wace tsohuwa ce za ta sake sayen akuya da kuɗin da suka bi ta hannuna? Na ce, "Gwaggo, ɗaure tumakinki. Ranar da aka kira ki kotu ki zo, ki sa zanen kirki."

Ni na kai ƙara. Mako uku ina jira, teburina a kife, ina soya ƙuli-ƙuli kamar da. Matan unguwa suka ce Malama ta dawo aji ɗaya.

Alƙalin dattijo ne mai magana a hankali, ba ya ɗaga kai sosai daga takarda. Ya fara da Salisu. Salisu ya ce kuskure ne. Alƙali ya ce in kawo waya. Na nuna sau nawa Salisu ya turo ta asusun nan a shekara biyu, na nuna kiransa na ranar, minti biyu bayan shigowar kuɗin. Alƙali ya ce, "Malam Salisu, kana yawan yin kuskuren nan, kuma duk lokacin da ka yi sai ka kira ka gaishe ta?" Aka yi dariya. Salisu ya ce to, ba kuskure ba ne, kiwo ne. Ya ba Gwaggo ne ta saya ta yi masa kiwo, uwayen nasa, 'ya'yan a raba, kamar yadda ake yi.

Nan dariya ta tsaya, don wannan magana ce mai ƙafa. Kowa a ɗakin ya san ana ba da kiwo haka, kuma ba a rubutawa. Gwaggo ta miƙe ta ce, "Kiwo? Ni na yi kiwonka, wa ya raba 'ya'ya da ni?" Alƙali ya ce ta zauna, za a zo kanta. Ya juyo gare ni.

"Malama Larai, da ya kira ki, me ya ce? Kalmarsa nake so, ba fahimtarki ba."

Na ce, "Allah ya gafarta malam, cewa ya yi in ba Gwaggo ta sayi tumaki."

"Ya ce kyauta?"

"Bai ce ba."

"Ya ce kiwo?"

"Bai ce ba. Ni kuma ban tambaya ba."

Na ji Iro mahauci a bayana yana tsaki a hankali, don yana ganin da na ƙara kalma ɗaya an gama. Ba zan ƙara ba. Mai wannan sana'a bakinsa ne jarinsa na biyu, in ya karye ba kamfanin da zai buɗe masa shi.

Salisu ya ga kamar ƙasa ta yi masa daɗi, sai ya ƙara gaba. Ya ce, "Kuma, ranka ya daɗe, a bincika, bakinsu ɗaya. Bayan ladanta har ƙwan zabi goma ta karɓa a hannun Gwaggo."

Alƙali ya ɗaga kai, karo na farko. "Kana Legas a ranar?"

"Ina Legas."

"Ya aka yi ka san da ƙwai, har ka san goma ne?"

"Gwaggo ce ta faɗa mini a waya."

"Ta ce ƙwan mene ne?"

Salisu ya ce, "Ta ce tukuici."

"Kai kuma ka ce me?"

"Na manta."

Iro ya ɗaga hannu kamar ɗan makaranta. Aka ba shi izini, ya ce shi bai manta ba, don wayar a buɗe take, kuma yana cikin waɗanda suka taya godiya. Ya ce da Gwaggo ta ambaci tukuicin, Salisu dariya ya yi ya ce goma sun yi kaɗan, ta ƙara mata biyu. Da mata suka dame shi da godiya kuma ya ce su bari, matar da ta raine shi ko raƙumi ya saya mata bai biya ba. Wata mata daga Wagini ta tashi ta faɗi daidai da haka. Alƙali ya tambayi Salisu ko ya musa. Ya ce bai musa ba.

Alƙali ya ce, "To ni a ƙasar nan aka haife ni. Ban taɓa ganin an kawo wa mutum dabbar kiwo ya ba da tukuici ba, don wahala aka kawo masa. Ban taɓa ganin unguwa ta taru ta taya mai kiwo godiya ba. Kai ka ji an ba da tukuici, ka ce a ƙara. Ka karɓi godiyar mutane. A ranar kyauta ka yi. Yau ne kake son ta zama kiwo."

Sannan ya yi bayanin da na roƙi magatakarda ya maimaita mini a waje har na rubuta. Kuɗin da aka tura bisa kuskure, dole a mayar, ko an kashe. Kuɗin da aka bayar aro ko don wani aiki, suna nan a kan sharaɗinsu. Amma kyautar da mai hankali ya yi da son ransa, aka karɓa aka riƙe, ta fita daga hannunsa, ko ta waya ta bi ko ta hannu. Talauci in ya zo daga baya ba ya dawo da ita, fushi ma haka. Ya ce akwai maganar uba da abin da ya ba ɗansa, wannan tana da nata hukunci da nata sharuɗɗa, amma ba ita ce a gabansa ba. Ɗan aike kuwa da ya isar da saƙo inda aka ce, ba a binsa komai. Ya ba ni takarda. Ya ce wa Salisu ya je ya janye ƙorafinsa, kuma ya gode wa Allah da ban nemi a bi mini kadin ƙaryar da ya yi wa banki ba.

Na kai takarda Katsina. Sai da aka ƙara kwana goma sha ɗaya kafin a buɗe. Injin markaɗe bai dawo ba har yau.

Tun daga ranar, duk wanda ya turo kuɗi a ba wani, ko ɗari biyar ne, sai ya yi mini saƙon murya ya faɗi sunansa, da sunan wanda za a ba, da abu ɗaya cikin uku: kyauta ce, aro ne, ko na wani aiki ne. In bai faɗa ba kuɗin suna zaune. Suna jin haushi. Wani ya ce, "Uwata ce fa, Inna, sai na yi rantsuwa kafin in ba uwata kuɗi?" Na ce ba rantsuwa na ce ba, kalma ɗaya na ce, kuma yau da kake son ta ne ya fi sauƙin faɗa. Saƙonnin nan ba na goge su. Wayar ta cika na sayi katin ajiya, ya cika na sayi wani, suna cikin gwangwani a ɗakina, kowanne da watansa a rubuce.

Abu ɗaya ya rage. Kamar wata biyu bayan shari'ar, Salisu ya fara dako a layin masu hatsi, nan cikin kasuwarmu. Ba ya bi ta gaban teburina, zagayawa yake yi ta bayan masu tukwane. Wata ranar kasuwa sai ga Gwaggo Hure da igiya a hannu, tana jan tunkiya ɗaya da ɗanta. Ta ɗaure a ƙafar teburina, ta zauna tana haki.

Na ce, "Gwaggo, sayarwa za ki yi?"

Ta ce, "Aike na kawo. Ki kai ma wancan marar kunyar. Alƙali ya ce ba ya bina komi, to yanzu na ga dama."

"Ga shi can, ki kira shi mana."

"In na ba shi da hannuna kuka zai yi mani a cikin kasuwa. Ke ce 'yar aike. Kai mashi."

Na ɗauko waya na danna na miƙa mata saitin baki. Ta kalle ni. Ta ce, "Har ni?"

Na ce, "Har ke."

Ta gyara zama ta ce da ƙarfi, yadda masu nauyin kunne ke yi, "Ni Hure ta Wagini na ba Salisu tunkiya da ɗanta. Kyauta ce. Ko gobe ya zage ni ba ni karɓa. Kashe abin nan."

Na bar wa Iro tebur na ja tunkiya na ratsa kasuwa, ɗan yana bin mu yana kuka, mutane suna tambaya ko na canja sana'a. Na sami Salisu ya sauke buhu, duk jikinsa ƙaiƙayi. Na kunna masa saƙon, na sa masa igiya a hannu. Ya tsaya yana kallon tunkiyar. Masu awo suka fara tasowa, "A'a, Salisu, mun taya ka godiya." Ni kuwa ban tafi ba.

Ya ce, "Inna, na gode. Ki ce mata na gode."

Na ce, "Zan faɗa." Ban motsa ba.

Ya dube ni, ya dubi mutane. Wani mai awo ya fashe da dariya ya ce, "Kai, tukuici take jira!" Salisu ya laluba aljihu, abin da ya fito bai taka kara ya karya ba. Ya ba wani riƙon igiya, ya ruga wajen mai shayi, ya dawo da dafaffen ƙwai biyu a tafin hannu, ya miƙo da hannu biyu yana sunkuyar da kai.

Na ce, "Wannan na mene ne? Faɗi da ƙarfi, ga mutane."

Ya ce, "Tukuici ne, Inna."

Na karɓa. Na koma tebur na ba Gwaggo ɗaya, na fasa ɗaya. Ta juya nata a hannu ta ce, "Biyu? Ni goma na ba ki." Ta ɓare ta cinye.